In Ƙara Sayen Bindigar Iska Ta Biyu? Amsa Ga Wani Manomi Daga Ƙasar Bakori

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye da ke tsakanin Bakori da Funtua. Mai ita ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya, domin maganar bindiga a wannan yanki namu ba maganar da mutum zai so a kira sunansa da na mahaifinsa a gidan rediyo ba ce. Ga abin da ya rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa sayen hatsi ina kaiwa kasuwar Dandume. Shekara shida ke nan ina da bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a ɗana ta, ƙirar Caina. Da ita nake harbin ɓera da gafiya a sito, da kurciya da hasbiya in an baza hatsi. Yanzu ta rage ƙarfi, sai in harbi kurciya ta zubar da gashi ta tashi abinta. Wani ya kawo mini wata irinta, ta hannu, ya ce Diana ce ta Jamus, harsashinsu ɗaya da tawa, yana son kuɗin buhu huɗu na masara. Ina so in bar ɗaya a gida, ɗaya in ba yarona mai shekara 15 ya riƙa korar jan baki a fadamar shinkafa. Kuma ka san halin da ake ciki, bindiga biyu a gida ta fi ɗaya. Shin in saya?"

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya bar zumunci. Amsata a taƙaice ita ce, kada ka saya tukuna. In ma a kan waɗannan dalilai da ka kawo ne, ni a ganina kada ka saya sam. Amma tun da ba a raba mutum da abin da ransa ya kwanta a kai da baki kawai, bari mu bi maganar daki-daki, mu fara da abin da ke cikin bindigar kanta, don a nan ne rabin amsar take.

Ita wannan bindiga ba ta da albarushi, ba ta da tukunyar ajiye iska. Abin da ke cikinta uku ne: akwai sifirin, wato wata murɗaɗɗiyar waya mai kauri ta baƙin ƙarfe, akwai fistin da ke gaban sifirin ɗin, sa'an nan a kan fistin akwai fata ko roba wadda ke toshe iska kada ta kuɓuce ta gefe. Lokacin da ka karya bututun ka ja shi ƙasa, kana danne sifirin ne, har fistin ya koma baya ya maƙale a jikin kunama. Da ka taɓa kunama sai sifirin ya kuɓuce, ya wurga fistin gaba da ƙarfin tsiya, fistin ya matse iskar da ke gabansa cikin ƙiftawar ido, ita kuma iskar ba ta da mafita sai wani ɗan rami da ke bayan ƙwayar dalma, sai ta tunkuɗa ƙwayar ta fice. Shi ke nan fa. Sa'ad da nake koyarwa a firamare, da famfon keke nake nuna wa yara ƙarfin iska. Sai in ce yaro ya toshe bakin famfon da babban yatsa, wani ya danna. Nan take zai ji iska na neman ture yatsan, ya kuma ji bakin famfon ya ɗau zafi. To bindigarka famfon keke ce wadda sifirin ke danna mata hannu. Kowa kuwa ya san abin da ke kashe famfon keke, wato bushewar fatar nan da ke cikinsa. Wa ya taɓa jefar da famfo don fatarsa ta bushe?

Saboda haka idan irin wannan bindiga ta rage ƙarfi bayan shekara shida, ba mutuwa ta yi ba. Wurare ƙalilan ake dubawa. Na farko, akwai wani ɗan zobe na roba ko fata a gindin bututu, daidai inda kake sa harsashi. Shi ke haɗe bututu da jikin bindiga in an rufe. Yau da gobe sai ya lotse, iska ta riƙa tsiyaya ta nan. Gwajinsa ba wuya. Ka ɗana bindigar, ka sa harsashi, ka ɗora 'yar siririyar takarda ko ka barbaɗa ɗan gari a kan mahaɗar, ka harba wurin da ba kowa. In takardar ta yi tsalle ko garin ya tashi, ka kama ɓarawonka, kuma kuɗin wannan zobe bai kai na mudun masara ba balle buhu. Na biyu, fatar kan fistin. Iskar hunturu da ƙurar da muke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu suna busar da ita har ta tsattsage. Alamarta, za ka ji fistin na bugawa da ƙara mai kaifi kamar an buga guduma a kan ƙarfe, don babu iskar da za ta tare shi. Na uku, shi sifirin kansa. Ko ya gaji, ko ya karye. In ka ji ɗanawa ta yi sauƙi fiye da da, ko kana jin ƙurus-ƙurus a ciki, to shi ne.

Akwai kuma abin da ba lalacewa ba ne ko kaɗan, sakaci ne. Girgizar sifirin tana kwance duk wani noti da ke riƙe da ƙarfen a jikin ƙota. Da sun yi sako-sako sai saiti ya tafi, ka auna ƙirji ka sami fiffike. Wataƙila kurciyar nan da ke zubar maka da gashi ba rashin ƙarfi ne ya cece ta ba, gefenta kawai ƙwayar ke shafa. Ka ɗaure su kafin ka yanke wa bindigar hukunci. Ɗaure noti da canza zoben gindin bututu kai ma ka iya. Amma buɗe cikinta don canza sifirin, wannan ka kai wa mai izinin gyaran bindiga, domin ko ba a ɗane take ba sifirin ɗin a danne yake, yakan yi tsalle ya fasa wa mutum fuska.

Bari in faɗi abubuwa uku da ke kashe waɗannan bindigogi a hannun mutanenmu, don in ba a daina su ba, ko goma ka saya haka za su ƙare. Ɗaya, harbawa babu harsashi a ciki, don a ji ƙara ko a tsorata awaki. Ƙwayar dalmar nan ita ke tare iska har iskar ta zama matashi ga fistin. In babu ita, fistin zai daki ƙarshen ƙarfe kai tsaye, fata ta fashe, sifirin ya raunana. Biyu, ɗana ta a jingine a rumbu kwana da kwanaki ana jiran gafiya. Sifirin da ya daɗe a danne yakan saki jiki, ga kuma hatsarin yaro ya ɗauka. Na ukun shi ya fi yawa, wato zuba mata baƙin mai ko kananzir ko man gyaɗa ta ramin iska. Kun tuna zafin bakin famfon keke? To a cikin bindiga zafin matsewar iskar yakan kai ya kunna mai, daidai yadda injin dizal na tarakta ke kunna mansa ba tare da fulogi ba. Sai ka ji ta yi ƙara tau, hayaƙi ya fito, mai ita ya yi murmushi ya ce ta ƙara ƙarfi, alhali kuwa fatar ce ke ƙonewa. Mai fata tana son ɗigo biyu na man silikon jefi-jefi, mai roba kuwa kusan ba ta bukatar komai. Mai na jikin ƙarfe ne daga waje, musamman da damina saboda tsatsa.

Masu sayar da ta hannu sun san wannan dabara sarai. Wani kafin ya kawo maka sai ya ɗiga mata mai, harbi biyar na farko ka ji kamar aradu. Ka lura da wannan.

Yanzu mu zo kan Dianar da aka kawo maka. Diana suna ne na gaske, kuma mai daraja. Kamfanin Mayer da Grammelspacher ne ya fara ta a garin Rastatt na Jamus, an kafa shi a 1890. Samfurinsu mai lamba 34, wanda ya fito a 1984, ya zagaya duniya. Haka nan BSA ta birnin Bamingam a Ingila, wadda tsofaffinmu suka fi saninta a kan keke da babur, ta fito da Meteor a 1959, akwai kuma Weihrauch ta Jamus da Gamo ta Sifen. Waɗannan in an kula da su, uba kan bar wa ɗa. Sai dai suna ba shi ne bindiga ba. An sayar da kamfanin Diana a 2014, kuma akwai samfurori masu araha da ke ɗauke da sunan amma a Caina ake ƙera su. Bayan haka a ƙasashenmu, a bakin mutane, duk wata bindigar da ake karyawa Diana ce, kamar yadda duk wani garin wanki Omo ne. Saboda haka ka duba abin da aka zana a jikin ƙarfen, ba abin da mai sayarwa ya faɗa ba: sunan kamfani, lambar samfuri, ƙasar da aka ƙera, da lambar bindigar ita kanta. In ka ga an goge lamba, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Ga wani abu kuma da 'yan kasuwa ya kamata su sani. Tun 1970 dokar Jamus ta ƙayyade ƙarfin bindigar iska da baligi zai saya ba tare da takardar mallaka ba, kada ya wuce jul 7.5, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugu. Irin waɗannan akan buga musu harafin F a cikin wani zane mai kusurwa biyar a jikin ƙarfen. A Ingila iyakar ta kai wajen jul 16. To ka ga, in Dianar nan ta gaske ce, ta hannu daga Jamus, kuma tana ɗauke da wannan F, sifirinta mai rauni ne tun daga masana'anta. Za ta yi saiti mai kyau, za ta kashe ɓera da kurciya a kusa, amma ba lalle ta fi taka ƙarfi ba in an gyara taka. Ka ba da buhu huɗu ke nan ka sayo abin da kake da shi.

Wannan kuwa shi ne gundarin maganar. Ka ce irinsu ɗaya, harsashinsu ɗaya. Ai a nan matsalar take. Mai garma ɗaya da shanu biyu, in ya sami kuɗi ba garma ta biyu yake saye ba, amalanke yake saye, don ita ce za ta yi masa aikin da garma ba ta yi. Bindigar iska girman ƙwaya biyu aka fi samu. Akwai mai milimita 4.5, wadda ƙwayarta wajen rabin giram ce, tana tafiya a miƙe, ta dace da tsuntsu da ɓera. Akwai mai milimita 5.5, ƙwayarta ta kusa giram guda, tana saurin sunkuyawa ƙasa amma bugunta ya fi zama, ita ta fi dacewa da gafiya da kurege da zomo. Dukansu biyu aikinsu na ƙwarai bai wuce mita 25 zuwa 30 ba. Taka, bisa ga yadda ka kwatanta, ƙaramar ce, wadda aka kawo ma haka. Duk abin da ta farko ta kasa, ta biyu ma za ta kasa. Kuma hannu biyu gare ka, kafaɗa ɗaya kake ɗora bindiga.

Har ma akwai hasara a ɓoye, wadda sai maharba suka sani. A bindigar sifirin, fistin ne ke fara motsi kafin ƙwaya ta bar bututu. Bindigar takan yi baya, ta yi gaba, ta girgiza, duk ƙwayar tana ciki. Don haka inda ƙwayar za ta faɗa ya danganta da yadda ka riƙe. Shi ya sa ake riƙe ta sako-sako, a ɗora ta a tafin hannu a wuri guda kullum, ba a damƙe ta ba, ba a kuma ɗora ta a kan dutse ko katanga. Kowace bindiga da irin girgizarta da nauyin kunamarta, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Shekara shida hannunka na koyon halin taka. Ranar da ka fara yau wannan gobe waccan, sai ka rikita hannun, ka riƙa kuskure da duka biyun. Kai har ƙwayar dalma, wadda wannan bututu ke so ba lalle wancan ya so ta ba, ko da daga gwangwani ɗaya aka ɗebo.

Sai maganar yaro da jan baki. A nan zan ɗan tsaya, don ta fi damuna.

Jan baki ba tsuntsun da ake yaƙa da bindiga ba ne. Ɗan mitsitsi ne, nauyinsa wajen giram 20, amma garkensa kan kai dubban dubbai, ya rufe sama kamar hadari. Shi ya sa gwamnati kan yi masa feshi da jirgin sama a makwancinsa a jihohi irin su Kebbi da Jigawa da Yobe. Mu yi lissafin 'yan aji huɗu. A ce yaronka gwani ne, kowane daƙiƙa 20 ya karya, ya sa ƙwaya, ya auna, ya harba, kuma bai taɓa kuskure ba. A sa'a guda ya kashe 180. Mene ne 180 a cikin garken da ya sauka a fadama? Bugu da ƙari, abin da ake nema a gona ba kisa ba ne, kora ce, ita kuwa bindigar iska ba ta da ƙarar da za ta tayar da garke. Igiyar da aka ja daga wannan kunya zuwa waccan aka rataya mata gwangwanaye da tsakuwa, da majajjawa, da ihun yara tun da asuba, sun fi ta aiki nesa ba kusa ba. Wanda ke da hali, kuɗin nan gara ya sa su a ragar rufe shinkafa, ko a haɗa kai da maƙwabtan fadama a yi shuka lokaci ɗaya don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai ta zama akushin tsuntsaye.

Sa'an nan ga doka. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka bindigar iska abin wasa ce kamar danƙo. Ba haka dokar Nijeriya ta ɗauke ta ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na soja. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka ta maharbanmu. A kashi na biyu, tare da bindigar farauta mai harsashin katirij, aka ambaci bindigar iska da sunanta. Sashe na 4 ya ce ba mai riƙe ta sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, wanda ya saɓa kuma ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 5. Lasin na bindiga ne da lambarta, ba na gida ba ne, wato ta biyu tana bukatar nata. Kuma dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Yaronka 15 gare shi. A watan Agusta na 2023 ma, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka kafin ka auna wa kowa ko tiya guda, ka je ofishin 'yan sanda ka tambayi matsayin da ake ciki. Na lura a takardarka ba ka ce komai ba game da lasin ta farko. Ni ma ba zan tambaye ka a nan ba, amma ka tambayi kanka.

Ko da babu doka, ni ba zan ba ɗan shekara 15 wannan abu ya tafi fadama shi kaɗai ba, inda sa'o'insa ke taruwa. Ƙwayar da ba ta kashe zomo a mita 50 tana iya tsiyayar da ido a nesa da haka, kuma in an ɗaga baki sama takan yi tafiyar mita ɗaruruwa kafin ta faɗo. A wata makaranta da na koyar, akwai wani yaro a ajina mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wansa ya auna ƙadangare a jikin katangar siminti, ƙwayar ta daki katangar ta dawo. Har na bar garin yaron nan da ido ɗaya yake karatu, a bencin gaba. Ba wanda ya yi nufin mugunta. Akwai kuma yatsu. In an karya bututu ana sa ƙwaya, tilas hannu ɗaya ya riƙe bututun gam, don in kunama ta kuɓuce, bututun kan dawo da ƙarfin da zai datse yatsa. Masu araha da yawa ba su da abin da ke hana haka.

Ita kanta ƙwayar dalma ce, dalma kuwa guba ce. Maƙwabtanmu na Zamfara ba za su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Ba ina cewa gwangwanin harsashi zai yi irin wannan ɓarna ba, amma al'adar nan ta tara ƙwayoyi a baki don saurin ɗanawa, a daina ta. A ajiye gwangwanin inda masu rarrafe ba sa kaiwa, a cire ƙwayar daga naman tsuntsu kafin a sa a tukunya. Kai kuma da ke harbi a cikin sito, ka tuna ƙwayar da ta kuskure ɓera a cikin buhu take kwana, buhun kuwa injin niƙa zai tafi.

To sai dalilinka na ƙarshe, wanda ka faɗa a dunƙule, na kuma fahimta. Babu mai zaune a ƙasar Funtua da zai ce bai san abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume suka gani ba, ko ya manta da daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba zan yi maka dariya ba don ka nemi abin da zai sa ka yi barci. Amma amanar da ke tsakaninmu ta sa dole in gaya maka gaskiya. Bindigar iska mai matsakaicin ƙarfi, ƙwayarta ta rabin giram na fita da bugun da bai wuce jul 14 zuwa 16 ba. Harsashin AK-47 nauyinsa wajen giram 8 ne, bugunsa wajen jul 2,000. Ya ninka naka fiye da sau 100, kuma shi talatin ke cikin gidan harsashinsa, kai kuwa sai ka karya ka sa ɗaya. Wannan ba kariya ba ce. Abin da ya fi muni, daga nesa, da magariba, siffarta siffar bindiga ce sak. Ɗan ta'adda in ya hango ta a kafaɗar yaro ba zai tsaya tambaya ba. Jami'in tsaro da ke sintiri a bakin daji shi ma yana iya yi mata mummunar fahimta. Wato tana jawo maka hatsarin mai bindiga ba tare da ta ba ka ƙarfin mai bindiga ba. Kuma gidan da aka ji labarin akwai bindigogi biyu, labarin ba ya tafiya da bayanin cewa na iska ne. Maganar tsaron gari a kai ta inda ta dace, wurin mai unguwa da dagaci da jami'an tsaro, da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023.

Kada a ce na hana ciniki baki ɗaya. Akwai inda ta biyu take da hujja. In mai gyara ya buɗe taka ya ga bututun ya lanƙwashe, ko cikin da fistin ke gudu ya ƙoƙe, ko kunamar ta cinye har tana kuɓucewa da kanta, to wannan ta gama aiki, kuma mai kuɓucewa da kanta ma hatsari ce a gida. A nan ba ƙari za ka yi ba, canji za ka yi. In kuwa gafiya ce ta fi damunka ba tsuntsu ba, to mai milimita 5.5 za ka nema, ba irin taka ba, ka kuma fara tabbatar da cewa ana samun ƙwayarta a Funtua ko Zariya ko Kano ba tare da wahala ba, don bindigar da ba ƙwaya sanda ce. Haka nan in kana da ƙane baligi mai tsare wata gonar daban, ya nemi izini da sunansa, wannan bindigarsa ce, ba taka ta biyu ba. Gaskiya dai, ga ɓera da gafiya a sito, liƙe ramuka da siminti, da ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da tarko, da kyanwa, suna aiki har lokacin da kai kake barci.

In duk da haka ranka na kan Dianar nan, kuma maganar izini ta daidaita, to ga yadda za ka gwada ta, a gaban mai ita, da rana tsaka. Ka nemi bangon ƙasa mai kauri wanda ba kowa a bayansa, ba na siminti ba. Ka fara harba ƙwaya goma a banza don in an ɗiga mata mai ya ƙone, kana lura da hayaƙi da wari. Ka leƙa cikin bututun ta gindi ka ga ko layukan da ke murɗe a ciki suna nan ko tsatsa ta cinye su. Ka rufe bututun ka girgiza shi hagu da dama, in yana motsi to saiti ba zai taɓa zama ba. Daga nan ka kafa kwali a taku 20, ka zauna, ka yi harbi biyar a ɗigo ɗaya. Kada ka damu ko sun sami ɗigon, wannan gyaran saiti ne. Abin dubawa shi ne ko ramukan biyar sun taru wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe su. Na ƙarshe, ka sayi sandar sabulun wanki guda, ka harbe ta da Dianar daga taku biyar, ka harbi gefe da taka, ka zura tsinke ka auna zurfin kowanne. Amma ka yi wannan bayan ka ɗaure notin taka ka canza mata zoben, don kada ka haɗa mai lafiya tsere da majinyaci.

Ka yi gwajin nan, Malam, ka rubuto mana abin da tsinke ya nuna, da abin da mai gyara ya caje ka, za mu karanta wa jama'a ba tare da sunanka ba. A gai da mutanen gida, a kuma gai da yaron, a ce masa ya riƙe majajjawarsa tukuna. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, akwai takardar wani mai sayen waken soya daga ƙasar Malumfashi, yana tambaya a kan sikelin rataye da na ƙasa, wanne ne ya fi saurin cin amanar mai shi. Sai mun haɗu, a huta lafiya.